Buɗe Sana'ar POS a Zariya: Inda Kasuwa Ke da Iko da Inda Hukuma Ke da Iko

Yawancin samarin da ke zuwa wurina neman shawara a kan POS, tambayarsu ta farko ita ce, "Malam, nawa ake sayar da na'urar?" Na'ura kuwa ita ce mafi sauƙi a duk harkar. Kamfanonin da ke rabon ta sun yi yawa, har ma'aikatansu ne ke bin mutane rumfa-rumfa a kasuwar Sabon Gari suna lallashin a karɓa. Abin da ya kamata ka fara sani, ƙanena, shi ne wane ɓangare na sana'ar aka bar wa kasuwa ta yanke, wane ne kuma hukuma ta riƙe a hannunta. In ka gane wannan rabon, ba za ka ɓata lokaci kana jayayya da abin da ba ka da iko a kansa ba, ba kuma za ka zauna jiran gwamnati ta gyara maka abin da iya ciniki ne kaɗai ke gyara shi ba.

Ni da lemar kiran waya na fara a Samaru, daga nan katin waya da caji, sannan POS. Saboda haka na ga yadda hannayen nan biyu ke aiki tun daga tushe. Kafin 2001 kamfanin waya na gwamnati, NITEL, shi ke riƙe da harkar, kuma layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000. Minti ɗaya naira 50, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe, sai an cire maka kuɗin minti cikakke. Mutane suka yi ta kuka, kamfanonin suka ce lissafin daƙiƙa bai yiwuwa tukuna. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, ba a jima ba duk suka bi sahu. Ba wata doka ta tilasta musu ba, abokin hamayya ne. Amma ka tuna, hukuma ce ta buɗe ƙofar da abokin hamayyar ya shigo. Kuma ita wannan kasuwar da ta sauƙaƙa wa jama'a waya, ita ce ta kashe sana'ar lema, don da kowa ya mallaki waya a aljihunsa ba wanda ya ƙara zama a bencina.

Takardu tukuna

Kada ka karɓi na'ura sai takardunka sun daidaita. Lambar NIN da lambar BVN su zama suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, kuma layin wayar da za ka yi aiki da shi ya zama da sunanka aka yi masa rajista. Nan ne mutanenmu ke yawan tuntuɓe: a wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma an ƙara sunan kaka. Danna *565*0# ka ga BVN ɗinka, *346# kuma ya nuna maka NIN. In akwai saɓani, ka gyara shi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka daskarar da asusunka da jarinka a ciki, wannan harafi ɗaya da ya bambanta shi zai sa ka yi ta sintiri.

Layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, irin wanda ake sayarwa a bakin hanya, kada ka ko taɓa shi. A 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a yi musu rajista yadda ya dace ba, naira 200,000 a kowane layi, kafin daga baya a sasanta a kan biliyan 330. Wanda bai ɗaga wa wannan kamfani ƙafa ba, ba kai zai ɗaga wa ba.

Sai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A 2024 aka ce duk mai POS ya yi rajista, aka sa wa'adi 7 ga Yuli, aka ƙara zuwa 5 ga Satumba. Ba sai ka buɗe kamfani ba, rajistar sunan kasuwanci ta wadatar. Za ka tanadi sunaye biyu ko da an riga ka ɗaya, da NIN, da hoto, da sa hannu, da adireshin inda za ka zauna. Ana yi ta intanet, kuma wasu kamfanonin POS sun sa hanyar yin ta cikin manhajarsu. In za ka ba mai shagon kwamfuta ya yi maka, ka tsaya a kansa ya sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba nasa ba. 'Yan'uwana masu sana'a da yawa sun yi fushi da wannan doka, ni kuwa ban ga aibunta ba. Kuɗin fansa da kuɗin damfara ta hannunmu suke bi su zama tsaba, kuma mai gaskiya ya fi kowa buƙatar a san wane ne wane.

Zaɓen kamfani

Nan kam kasuwa ce, ka taya yadda kake so. Moniepoint, OPay, PalmPay da bankunan kasuwanci duk suna ba da na'ura. Kada ka tsaya a kan kuɗin karɓar ta. Ka tambayi nawa suke cira a kowane cire kuɗi da kowace turawa, ka tambayi ko akwai adadin cinikin da dole ka kai a rana ko a mako, don wasu in ba ka kai ba sai su zo su ɗauke na'urarsu. Mafi muhimmanci, ka tambayi masu POS na unguwar da za ka zauna, wane ne ke ɗaga waya in kuɗi sun maƙale da dare. Wakilin kamfanin da ke zaune a Zariya, wanda za ka iya samu a PZ ko Tudun Wada ka kama hannunsa, ya fi maka rangwamen naira 5.

Ka kuma duba irin lasisin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba kamfanin, don shi ke nuna nawa za a biya ka in ya durƙushe. A 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunta: naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 ga ƙananan bankuna. Ba tatsuniya ba ce, a Yunin 2024 aka soke lasisin bankin Heritage. Shi ya sa ba na barin duk jarina ya kwana a wuri ɗaya.

Da can dabararmu ita ce na'ura biyu ko uku daga kamfanoni daban-daban, in sabis ɗin wannan ya faɗi ka ɗauko wancan, in wannan ya ƙara caji ka juya masa baya. A Oktoban 2025 CBN ya fito da sababbin ƙa'idojin wakilan banki, ya ce daga 1 ga Afrilun 2026 wakili, wato mai POS, ya tsaya ga kamfani ɗaya. Hujjarsu a san wanda ke da alhakin kowane wakili. Na fahimta, amma ban ji daɗinta ba, don ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa bai wuce ikon cewa "na tafi wurin wancan" ba. Abin da ya rage maka shi ne ka yi zaɓen farko da natsuwa, ka karanta yarjejeniya kafin ka sa hannu, musamman wurin da ya yi maganar yadda ake rabuwa.

Wuri

Zariya ba kasuwa ɗaya ba ce. Samaru da Kongo da ɗalibai suke numfashi. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata 8, kuma duk wanda cinikinsa ya dogara da ƙofar jami'ar Ahmadu Bello ya san abin da ya sha. Shika kuwa, inda asibitin koyarwa yake, majinyata ba su da hutu, mai neman kuɗin magani ba ya jiran safiya. Kwangila ta matafiya ce, ciniki da yawa amma fuskar da ka gani yau ba lalle ka sake ganinta ba. PZ bankuna ne kewaye da kai, kana gogayya da ATM, sai dai ranar da suka ƙafe ka ga layi a gabanka. Cikin birni, wajen Babban Dodo da lungunan Ƙofar Doka, cinikin ƙanana ne amma na sanayya ne, matan aure na aiko yara da kati, tsofaffi na zuwa karɓar abin da 'ya'yansu suka turo daga Abuja ko Legas.

Ka zaɓa da kyau, don yawo da na'ura ya zo ƙarshe. A Agustan 2025 CBN ya ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, sanarwar ta ambaci tazarar mita 10. Wato dabarar nan ta zama a gari ranakun mako, ranar kasuwar ƙauye kuma a sa na'ura a aljihu a hau mota, ba abin dogaro ba ce yanzu. In za ka canza wuri, ka sanar da kamfaninka su sauya adireshin.

Kwantena ko kes a bakin titi kuma, ka tambayi matsayin filin kafin ka zuba siminti. Zamanin aikin sabunta birane na gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, hukumar tsara birane ta KASUPDA ta tashi rumfunan bakin hanya da yawa. Haraji kuwa, tun dokar 2016 jihar Kaduna ta hana karɓar sa da tsabar kuɗi hannu da hannu, ta kuma tattara shi a hukumar haraji ta jiha, KADIRS. Duk wanda ya zo maka da riga mai tambari, ka ce, "Yallaɓai, a ba ni takarda da asusun gwamnati, in biya in kawo rasit." Da fara'a za ka faɗa.

Caji, da inda ake samo tsaba

Gwamnati ba ta rubuta maka nawa za ka karɓa a kan 5,000 ba. An saba da naira 100, amma maƙwabcinka da ATM ɗin da ke kusa su ne ke ja maka layi. Tun 1 ga Maris 2025, wanda ya cire kuɗi a ATM ɗin bankin da ba nasa ba ana cire masa naira 100 a kowace 20,000, in kuma ATM ɗin ba a harabar banki yake ba ana iya ƙara har 500. Ka san wannan lissafin, don abokin cinikinka ya san shi. Ka kuma sa harajin naira 50 na turawar da ta kai 10,000 cikin lissafinka, wanda ya hau kan kamfanonin manhaja tun Disamban 2024. Da yawa suna kirga abin da ya shigo aljihu da yamma su ce riba, ba su cire cajin kamfani, da data, da takardar rasit, da kuɗin cajin batir ba.

Wata rana za a kira ka taron masu POS na unguwa, a ce a haɗa baki a tsayar da farashi ɗaya, wanda ya saɓa a ci tararsa. Ka je taron, ƙungiya tana da amfani wajen tsaro da sasanta rigima, amma kada ka sa hannu a takardar farashi. A 2023 ƙungiyar masu POS reshen Legas ta fitar da jerin farashi, hukumar kare gogayya da haƙƙin masu saye, FCCPC, ta taka musu birki, don dokarta ta 2018 ta haramta 'yan kasuwa su haɗa kai su ƙayyade farashi. Wannan wuri ne mai ban sha'awa, hukuma ce ta shigo don ta kare 'yancin kasuwa daga hannun 'yan kasuwar kansu. Mu da muke kukan gwamnati ta matsa mana, in aka bar mu, mu ne farkon masu matsa wa talaka.

Hajar da kake sayarwa a gaskiya tsabar kuɗi ce, kuma banki ba zai ba ka yadda kake so ba. Ka ƙulla da masu tara tsaba waɗanda ke son ta koma asusu: manajan gidan mai, mai shagon sari, 'yan hatsi, 'yan gwari, mai gidan burodi. Ka karɓa da yamma, ka tura masa nan take a gabansa. Alhajin da ya ga ba ka taɓa jinkirta masa ba, shi zai riƙa kiran ka da kansa.

Wanda ya yi sana'ar nan a farkon 2023 ya san darajar wannan hulɗa. A Oktoban 2022 CBN ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Mutane suka kwana a layin banki, wasu masu POS suka riƙa karɓar 1,000 a kan 5,000. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, a 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Hukuma ce ta haddasa ƙarancin da tsari na gaggawa, kasuwa kuma ta yi abin da ta saba yi in abu ya yi ƙaranci. Amma waɗanda suka yanka unguwarsu a lokacin, har yau ana tsallake su a je gaba. Mutanen Zazzau ba sa mantuwa da irin wannan.

Sababbin kuɗi na liƙi kuma, komai nacin 'yan biki, kada ka sayar. Dokar CBN ta 2007 ta haramta cinikin takardar naira, hukuncin ɗaurin wata 6 ne ko tarar 50,000 ko duka biyun.

Akwai iyakar da ba taka ba ce. Tun Disamban 2024 CBN ya ce mutum ɗaya kada ya cire fiye da naira 100,000 a rana a wurin mai POS, 500,000 a mako, kai kuma jimillar abin da za ka fitar a rana kada ta wuce miliyan 1.2. Ga ɗalibi wannan ba komai ba ne. Ga mai sayen masara da kaka, wanda manomi ba zai karɓi komai a hannunsa ba sai tsaba, 100,000 ba ta kai ko'ina ba, kuma a ganina wanda ya tsara adadin bai taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ba. Duk da haka kada ka yi wayon raba cinikin a katunan mutane daban-daban. Kwamfutar kamfani tana ganin salon, kuma asusunka za a rufe, ba na Alhajin ba. Ka ba shi haƙuri, ka nuna masa ya tura wa dillali kai tsaye. Waɗannan adadi suna canzawa, saboda haka ka riƙa karanta saƙonnin da kamfaninka ke turowa maimakon share su.

In ciniki ya maƙale

Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Duk wanda aka turo wa kuɗi ta asusunka ya zo karɓa, ka rubuta sunansa, lambar wayarsa, sunan wanda ya turo, adadi da lokaci, in kuɗin da yawa ka ga katin shaidarsa. Na san wani yaro a unguwarmu da aka zo aka tafi da shi saboda kuɗin sata sun sauka a asusunsa, littafinsa ne ya fitar da shi, don ya nuna wanda ya karɓa da sa hannunsa. Littafin nan kuma amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk mai tara bayanan mutane, kada ka bar shi a buɗe a kan tebur, kada ka ɗauki hoton katin kowa, in mutum zai danna lambar sirrinsa ka kau da kai. Tsohuwa za ta miƙo maka kati ta ce, "Ɗana, danna mini, ga lambar." Ka ce, "Inna, a kira jikanki ya danna," in babu kowa ka yi a gabanta, ka ba ta rasit, ka ƙirga mata kuɗin a hannu.

Alat na bogi ya yi yawa. Saƙon tes ko hoton da mutum ya nuna maka a wayarsa ba shaida ba ne. Sai ka ga kuɗin a manhajarka ko na'urarka sannan ka buɗe jaka, ko da mai rawani ne.

In na'ura ta ce ciniki bai yi ba amma an cire wa mutum kuɗi, kada ka biya shi, kada kuma ka yi masa tsawa. Ka fitar da rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, ka ba shi, ka ajiye kwafi. Bankinsa ne zai mayar masa, kuma ƙa'idar CBN ta 2020 ta ce a warware irin wannan na POS cikin awa 72. In ya wuce, ya je bankinsa ya shigar da koke a rubuce, ya karɓi lambar koken. In mako 2 ya cika ba a yi komai ba, sai ya kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN da wannan lambar. Ba a tsallake matakin farko, in ka je sama ba lambar koke, ƙasa za a maido ka.

Sabis ɗin waya shi ne jinin na'urarka, kuma shi ma hukuma na da hannu a ciki. A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi kashi 100. A ƙarshen Satumban 2021 kuma an rufe sabis a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, masu POS na wuraren suka zauna ba aiki har zuwa Nuwamba. Wannan ba ka da maganinsa. Wanda kake da maganinsa shi ne kamfanin da sabis ɗinsa ba ya kamawa a lungunka. Kafin ka kama haya, ka je wurin da layuka daban-daban ka gwada da safe, da rana, da kuma bayan magariba lokacin da kowa ke kan waya. In an cinye maka kati ba dalili ka kai kuka ga kamfanin, in ba su saurare ka ba ka kira 622, layin koke na NCC, kyauta ne. Saƙonnin talla masu cika waya kuma, ka tura STOP zuwa 2442. In kuwa kamfanin ne gaba ɗaya ya ishe ka, tun 2013 kana da damar komawa wani ba tare da ka rasa lambar da abokan cinikinka suka sani ba. Ka je ofishin sabon kamfanin da katin shaidarka da layin, ka cike takarda, za su sa ka tura PORT zuwa 3232. Ka cinye katin da ke kan tsohon layin kafin ka je, don ba ya bin ka.